Ƙoƙon da Na Miƙa Hagu

Ranar da matata Nibia ta mutu, duniya ta tsaya cak. Na duba agogo, ta yi kamar minti huɗu a tsaye, sannan motar kwasar shara ta wuce ta ƙofar gidanmu kamar kowace Talata.

Sunana Heber Techera. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a garin Rocha. Na faɗi wannan ne don a san ni ba mai gane-gane ba ne. Yaran da na kayar a jarrabawa saboda sun rubuta abin da ba su auna ba, sun isa su cika bas biyu.

Ban yi kuka ba. Mutane sun zo sun rungume ni, sun ce in yi haƙuri, na yi. Likita ya ce abin zai zo daga baya. Na jira wata biyar, bai zo ba. Abinci ya zama abin taunawa kawai. Wata rana na dafa tukunya a kan wuta, sai da na ji ƙauri sannan na tuna hannuna ne.

Wasiyyarta ɗaya ce: a ƙona gawarta, a kai tokar kan tudun yashin da ya binne gidan da aka haife ta, can bakin teku, inda yanzu ya zama gandun dajin da ake karewa. Mahaifinta yana cikin leburorin da aka ɗauka su dasa itatuwan pino don su tsayar da yashi. Sun dasa dubbai. Yashin ya tsaya ko'ina, ban da kan gidansa.

An ƙona ta. Aka ba ni ita a ƙaramin akwatin katako. Na ɗora a kan firji, domin nan ne kaɗai babu tarkace.

'Yarmu Maite takan kira daga Montevideo duk Lahadi.

"Baba, har yanzu Mama tana kan firji?"

"Tana nan. Ba ta yi ƙorafi ba."

"Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin ya yi yawa. Ka jira ni Asabar mai zuwa mu je tare."

Na ce to. Ranar Laraba na tafi ni kaɗai.

Akwai abu ɗaya da ya kamata in faɗa tun yanzu. Shekara talatin da takwas, kowace yamma, ni ke zuba mate, shayin ganyen ƙasarmu, a gidanmu. Fulas a hammata, ƙoƙo cike da ganye, tsinken ƙarfe na zuƙa a kafe a gefe. In sha na farko, in zuba na biyu in miƙa hagu, inda take zama, ba tare da na duba ba. Ita kuma ta karɓa ta aikata laifi biyu. Na farko, ta kama tsinken ta juya ganyen kamar mai dama kunu, abin da ko ɗan shekara biyar a ƙasar nan ya san ba a yi. Na biyu, ta kushe. Ruwan ya yi zafi, ko ya huce, ko ganyen ya wanke, wato ya yi salam. Daga ƙarshe, tun ban ƙoshi ba, sai ta kifa ƙoƙon ta ƙwanƙwasa shi a bakin tukunyar fure, ganyen ya zube, zama ya tashi.

Tun da ta mutu hannuna bai samu labari ba. Nakan zuba in miƙa hagu, in riƙe har kafaɗa ta gaji, in dawo da shi in sha da sanyinsa.

Watan Agusta ne, tsakiyar sanyi a ƙasarmu. Bas ta ajiye ni a bakin titi wajen ƙarfe uku, na taka zuwa ƙofar gandun, akwati a jakar leda, fulas a hammata. Ba baƙo ko ɗaya. Wani ƙaton mutum mai sanƙo, sanye da rigar masu gadin daji, ya fito daga rumfar katako yana goge baki.

"Kai! Malam Techera! Ashe kana raye?"

"Haka takardu suka nuna."

"Ka gane ni kuwa?"

"Yamandú Sosa. Layin baya, jikin taga. Kai ne ka rubuta cewa sauti ya fi haske gudu."

"Malam, na rantse maka ranar nan tsawa na fara ji kafin in ga walƙiya."

"Barci kake yi, shi ya sa."

Ya yi dariya har da dukan cinya. Sai idonsa ya kai kan jakar ledar, ya ga kusurwar akwatin. Ya cire hularsa.

"Doña Nibia ce?"

"Ita ce."

"Allah ya jiƙanta. Ta taɓa tsayar da ni a kasuwa ta ce in daina tafiya kamar agwagwa. Ina da 'ya'ya uku a lokacin."

"Ba ta raina kowa ba. Kowa ya samu nasa."

Na gaya masa inda zan je. Ya san wurin. Ya ce bana iska ta yaye bakin mafitar hayaƙin gidan, ana ganin jan bulo kamar tsawon gwiwa. Zai kai ni a mota har ƙarshen hanya, ya wuce ya duba shingen arewa da ya faɗi, ya dawo ya ɗauke ni ƙarfe shida, kafin duhu. In bi turakun da aka shafa wa jan fenti, kada in sake su.

Sai ya tsaya yana kallon hammatata.

"Kai kaɗai za ka zauna can?"

"Mu biyu ne, amma ɗayar ba ta da nauyi."

Bai yi dariya ba.

"Zubar da ruwan nan, Malam."

"Wane ruwa?"

"Na fulas. A kan tudun ba a zuba mate mutum yana shi kaɗai. Dokar masu dashe ce tun zamanin kakana. Ko suna da yawa, sai sun ƙirga kansu da ƙarfi kafin a zuba na farko."

"Saboda me?"

Ya sosa sanƙonsa, ya kalli wajen itatuwa.

"Akan samu mai karɓa."

"Madalla. A gidana ma nema nake."

"Ba wasa nake ba. Kai ma ka sani, mai zubawa ba ya tashi ya bar mai sha. To wanda ke can ba ya ƙoshi. Kakana da hannunsa ya tono wani mutumin garin Castillos, a zaune, yashi har wuya, buta a hannu, babu ko ɗigo a ciki."

"An auna abin da ya sha kafin ya zauna?"

"Malam."

"Sosa, mutumin da ya bugu a watan sanyi, ya zauna a bayan tudun da iska ke turawa, zai mutu a zaune. Ba sai an gayyato kowa ba."

"Don Allah dai ka zubar."

Na buɗe fulas na tsiyaye rabi a ƙasa. Tururi ya tashi. Na mayar da murfi.

"Rabi, Malam?"

"Rabin maki nake ba ka kullum, ba ka taɓa ƙorafi ba."

A ƙasar nan ana iya raba mutum da matarsa, an ma yi mini. Raba shi da fulas ɗinsa wani aiki ne dabam. Yamandú ya sani, shi ma nasa yana kan kujerar mota an ɗaure shi da bel. Ya girgiza kai ya tayar da injin.

Ya sauke ni inda hanya ta ƙare, ya ce in na ji hon sau uku in taso, ko me nake yi.

Na shiga cikin pino.

Dajin da mutum ya dasa ba ya kama da daji. Itatuwan a jere suke, layi bayan layi, duk inda ka juya sai ka ga doguwar hanya miƙaƙƙiya da ba ta zuwa ko'ina. Ƙasa a lulluɓe take da busasshen ganyensu mai kama da allura, taku ba ya ƙara. Ƙamshin ƙaro, da danshi, da ruɓaɓɓen itace. Can sama iska tana huci a rassa, nan ƙasa ko gashin kaina bai motsa ba. Ban ji tsuntsu ko ɗaya ba. Na lura da hakan, na ajiye shi a matsayin abin lura.

A bakin dajin yashi ya fara cin itatuwan. Na farko ya binne su zuwa gindi. Na gaba zuwa ƙugu. Na ƙarshe kawunansu ne kawai a waje, busassu, farare, kamar mutanen da suka shiga kogi suka manta dalili.

Daga nan sai tuddai. Farin yashi, tudu bayan tudu, da jajayen turaku suna hawa suna sauka. Ƙafa tana nutsewa. Na hau uku, na huta sau huɗu. Ƙarar teku tana zuwa tana ɓacewa, da kukan karnukan teku, dabbobin ruwan nan masu haushi, daga wani tsibiri da ba na gani.

Na sami jan bulon ƙarfe biyar saura kwata. Murabba'i ne, da baƙin hayaƙi har yanzu a cikinsa. A ƙarƙashin ƙafata akwai ɗakin girki, da gadon da aka haifi Nibia a kai, da ƙofar da ta ce uwarta ta yi shekara biyu tana sharewa kullum safe kafin ta haƙura.

Na zauna na jingina da bulon, na ajiye akwatin a kan cinyata. Na jira in ji wani abu.

Na ji sanyi a gindina.

Na ce bari in sha ɗaya tukuna, sannan in buɗe. Ba don in ƙaryata kakan Yamandú ba. Na ma manta da shi. Ƙarfe biyar ne, kuma ƙarfe biyar lokacin mate ne.

Na zuba sabon ganye, na karkata shi gefe, na jiƙa, na kafa tsinke. Sa'ad da na ɗaga kai, hazo ya taso daga teku. Ba a hankali ba. Turke na uku ya ɓace, sai na biyu. Na kusa da ni ya rage kamar ɗigon jini a auduga. Karnukan teku suka yi shiru.

Na sha na farko. Ɗaci, zafi. Daidai.

Na zuba na biyu, na miƙa hagu, ina kallon inda teku take ɗazu.

Nauyin ya bar hannuna.

Ba faɗuwa ya yi ba. Wanda ya shekara talatin da takwas yana miƙa ƙoƙo ya san bambancin faɗuwa da karɓa. An ɗauke shi a hankali, daga ƙasa, yadda ake yi.

Ban juya ba.

Shiru. Sai wannan ƙarar da tsinke ke yi in ruwa ya ƙare. Gurrr. Sau biyu.

Aka mayar mini da shi cikin tafin hannu. Babu ruwa. Da ɗumi.

Na yi tunani kamar malami. Na ce hannuna ya karkata, yashi ya shanye, ƙarar kuma iska ce a mafitar hayaƙi. Bayani ne mai kyau. Da yaro ya rubuta mini shi da na ba shi bakwai cikin goma.

Na zuba nawa na sha. Na zuba na miƙa.

Aka karɓa.

Gaskiyar da ba na son faɗa ita ce ban ji tsoro ba. A wata biyar, wannan ne karo na farko da wani abu ya tafi yadda ya saba. Kafaɗata ba ta gaji ba. Ƙoƙo ya tafi cike, ya dawo wayam. Me kuma mutum yake nema?

Iska ba ta da ƙarfi, amma yashi yana gudu. Ina jin sa, sssss, kamar ana zuba shinkafa a buhu. Ya rufe takalmana. Na gani. Na ce zan kakkaɓe anjima.

Wani wari ya zo daga hagu. Ba na ruɓa ba. Irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba: jiƙaƙƙen bango, tsohuwar toka, katifa.

Na zuba. Aka karɓa. Gurrr.

Yashi ya kai ƙwauri.

Can nesa, kamar daga ƙarƙashin bargo, na ji hon. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ban tashi ba. Mai zubawa ba ya tashi ya bar mai sha. Ba doka ce da aka rubuta ba, shi ya sa ba wanda ke karya ta. Kuma na tambayi kaina abin da ke jirana a gida, na samu amsa: firji, da ƙura mai siffar akwati a kansa.

"Heber."

Raɗa ce, dab da kunnena. Muryarta ce. Har da 'yar dishewar da ta samu a shekarar ƙarshe.

"Na'am."

"Ƙara."

Na ƙara. Yashi ya haye gwiwa, ya fara taruwa a jikin akwatin. Ƙafafuna sun daina zama nawa, amma ai sun daɗe da fara hakan.

Gurrr.

"Yau ya yi daɗi," in ji muryar. "Kai dai ka iya zubawa, mijina."

A nan ne gashin wuyana ya miƙe.

Shekara talatin da takwas. Ko ranar aurenmu ta ce ya huce. Kuma tun da nake da ita ba ta taɓa ce mini mijina ba sai a gaban ma'aikacin banki. Tsoho take ce mini, tun ina ɗan shekara ashirin da tara.

Ƙoƙon ya dawo. Na dube shi.

Tsinken yana nan inda na kafa shi. Ko motsi bai yi ba. Ganyen a karkace, tsaf, gefe ɗaya a bushe, kamar hoton talla.

Mai ladabi ne ke zaune kusa da ni.

Ba matata ba ce.

Tsoro ya shigo mini yadda jini ke komawa ƙafar da ta mutu. Da zafi. Da allurai. Zuciyata da ta yi wata biyar tana aikin ofis ta fara dukan ƙirjina da hannu biyu.

Na yunƙura. Ko yatsa bai motsa ba. Yashin ya kai cinya, ya kama kamar siminti.

Hannuna kuwa ya ci gaba da aikinsa. Ina kallonsa ya karkata fulas, ya cika, ya miƙa. Ban aike shi ba.

Da wutsiyar ido na ga abin da ya karɓa.

Yatsu ne. Launin jiƙaƙƙen yashi. Babu farce. Suna zubewa daga baki, suna sake cikowa daga gindi.

Na mayar da idona gaba.

Gurrr.

Fulas ya yi sauƙi a hammatata. Na girgiza shi. Saura zubi ɗaya, ko ɗaya da rabi.

"Ruwan ya kusa ƙarewa," na ce. Da ƙyar na ji kaina.

"Ba komai," in ji muryar Nibia, a tausashe. "In ya ƙare, ni zan zuba maka."

Daga ƙarƙashin yashi, can cikin gidan, na ji an ɗora wani abu a kan murhu. Ƙarfe a kan ƙarfe.

Hon ya sake. Uku. Ya fi nisa.

Yashi ya kai ƙugu. Murfin akwatin kaɗai ya rage a waje.

Ban yi addu'a ba, ban iya ba. Abin da ya zo mini shi ne na zo da aiki kuma ban yi ba, kuma in aka tono ni a zaune da ita a cinya, a rufe, Maite za ta mayar da ita kan wani firjin.

Hannun hagu yana zuba ruwan ƙarshe. Na sa na dama na tone murfin da farce. Maƙullin ya ƙi. Na ja har farcen ya tsage.

Ya buɗe.

Iskar da ba ta nan tun ɗazu ta zo lokaci ɗaya. Ta kwashe tokar ta watsa mini a fuska, a ido, a baki, ta wuce ta kafaɗata ta hagu. Na yi tari. Ƙoƙon yana miƙe a hannuna, cike.

Aka fizge shi.

Ba daga ƙasa ba, ba a hankali ba. Har ruwan zafi ya zubo mini a wuyan hannu.

Sai na ji ƙarar da na fi tsana a duniya. Ƙarfe yana kankarar cikin ƙoƙo. Ana juyawa. Ana damawa.

Zuƙa ɗaya.

Dogon tsaki.

"Ya wanke, tsoho. Wannan ai ruwan wanke-wanke ne. Da shi kake karɓar baƙi?"

Ba raɗa ba ce. Da ƙarfi ta faɗa, yadda take magana daga ɗakin girki.

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Ƙoƙo a kife, a bakin jan bulo. Jiƙaƙƙen ganye ya faɗo kusa da gwiwar hannuna, yana tururi.

"An tashi. Ba mai ƙara sha. Kai kuma me kake jira, a kawo maka mota har nan? Tashi ka tafi gida. Ga shi ka baro tagar kicin a buɗe."

Wani abu a hagu ya ja dogon numfashi. Ba ta baki ba. Tudun gaba ɗaya ne ya ja shi.

Yashin ya saki.

Na zaro ƙafa ɗaya, babu takalmi. Na zaro ɗayar. Na faɗi, na rarrafa, na laluba har na dafa turke. Daga shi na laluba na gaba. Ban san tuddai nawa na gangara da ciki ba.

A bayana, ba kusa ba, ba nesa ba, tsinke yana zuƙar ƙoƙon da babu komai a ciki.

Gurrr.

Ban waiwaya ba.

Kawunan matattun itatuwa. Sai masu rai. Allurai suna sukar tafin ƙafata ta cikin safa. Kowane layi iri ɗaya. Na bi hon.

Gurrr.

Wani abu ya cafke ni ta ƙirji. Na kai masa duka.

"Malam! Malam, ni ne! Sosa ne, layin baya!"

Ya ɗauke ni kamar buhun dankali ya jefa a mota. Bai tambaye ni komai ba sai da muka bar itatuwan, fitilun mota suka sauka a kan tsakuwa.

"Minti arba'in ina danna hon. Na bi turaku har bulon, ban gan ka ba."

"A jingine nake da shi."

"Na zagaya shi sau biyu, Malam."

Ya juyo ya kalle ni.

"Ka zuba, ko?"

"Na zuba."

"An karɓa?"

"Ina ganin hannuna ne ya karkata."

"To. Ina ƙoƙon?"

"Na bar wa masu gida."

Ya dube ni sama da ƙasa: ba takalmi, farce yana jini, toka a gira, yashi har cikin kunne. Sai ya nuna hammatata da haɓa.

Fulas yana nan. Da shi na yi rarrafe, da shi na yi gudu. Ko tsagewa bai yi ba.

Yamandú ya fara dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Na buɗe baki in gaya masa ya kalli hanya, sai kukan da likita ya yi mini alƙawari ya iso. Ya zo gaba ɗaya, da majina, da wata ƙara da ban san ina da ita ba. Na yi ta yi tun daga ƙofar gandu har Rocha, domin bai ajiye ni a tashar bas ba. Sau ɗaya ya miƙa hannu zai ɗauko nasa fulas ɗin, ya fasa.

Likita ya ce sanyi ne ya shige ni, ga rashin cin abinci, ga baƙin ciki da ya daɗe a danne. Ƙwaƙwalwa takan yi wa mutum irin wannan. Na yarda. Bayani ne cikakke, ni ma shi zan bayar. Tagar kicin a buɗe na same ta, ruwan sama ya jiƙa burodi, amma ni na buɗe ta da safe, babu mamaki wani sashe na kaina ya riƙe. Maite ta yi mini faɗa na awa ɗaya, sannan ta tambaya ko Mama ta tafi lafiya. Na ce ta tafi yadda ta saba.

Yanzu abinci yana da ɗanɗano, galibi marar daɗi, tunda ni ke dafawa. Na sayi sabon ƙoƙo. Na ja kujerata na manna gefen hagu da bango, kuma kafin in zuba na farko nakan ce "ɗaya" da ƙarfi. Ba don komai ba. Ƙirga abu kafin a fara aiki ɗabi'a ce mai kyau, na shekara talatin da huɗu ina koyar da ita.

Ban ce aljani na gani ba, ban ce matata ta dawo ba. Ban auna komai ba, don haka ba ni da abin rubutawa a kan wannan.

Abu ɗaya ne na auna, kuma a kansa ba zan janye ba. Sabon ganye ne, mai kyau, rabin fulas kawai ya sha.

Bai wanke ba.